Robar riƙe harshe ta masu minshari: in kawo ta shago ko in bari?

Mai Kemis, Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, da duk wanda ya taɓa gwadawa. Kwanakin nan mutane na ta zuwa shago suna nuna min hoton wata roba a waya, wai ana sa ta a baki da dare ta riƙe harshe, minshari ya ɗauke. Tallarta ta cika Facebook da TikTok. Yawancin masu tambayar mata ne, kuma ba don kansu suke nema ba. Wani dila ya ce zai aiko min da katan guda daga Kano. Kafin in zuba kuɗina in kuma ɗauki alhakin jama'a: tana aiki kuwa? Ba ta da illa? Ni babban tsorona kada wani ya haɗiye ta cikin barci a ce a shagona ya saya.

Maman Ilham, Tumfure:
Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ka kawo, ni ce ta farko a layi. Wanda bai kwana ɗaki ɗaya da mai minshari ba bai san abin da muke sha ba. Lokacin zafi da muke fitowa tsakar gida, har maƙwabta sun san Abban Ilham ya yi barci.

Baban 'Yan Biyu, Bauchi:
Ni ina da ita, kuma ina sawa. Ƙoƙo ne na silikon mai laushi, da ɗan kumburi a gaba. Za ka matse kumburin da yatsa, ka zura bakin harshenka ciki, ka saki. Iskar da ka fitar ita ke sa ya tsotse harshen ya riƙe shi a waje, tsakanin haƙora. Tana da fukafukai biyu da ke zama a kan leɓe ta waje, su ne ke hana ta shigewa ciki, don haka maganar haɗiyewa ba ta taso ba in dai mai girman kirki ce. Gaskiyar magana, farkon sawa wahala ce. Miyau ya yi ta dalala har filo ya jiƙe, da safe bakin harshe na zugi, wani daren ma in farka in tarar da ita a ƙarƙashin gado. Daga baya baki ya saba. Uwargida ta ce ƙarar ta ragu sosai. Yara kuma sun samu abin dariya.

Maman Ilham, Tumfure:
To kun ji. Mai Kemis, me kake jira?

Nas ɗin Dare:
Maman Ilham, kafin ki saya ina da tambaya ɗaya. Minsharin nasa a jere yake tafiya, ko kuwa yakan yi ta yi, sai ki ji shiru ɗif na ɗan lokaci, sannan ya zabura da wani irin gurnani kamar wanda aka shaƙe?

Maman Ilham, Tumfure:
Innalillahi. Anti, kamar kina ɗakin. Wani lokacin har sai na taɓa shi in ji ko yana numfashi.

Nas ɗin Dare:
To wannan shirun shi ne abin tsoro, ba ƙarar ba. Bari in yi bayani da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

In mutum ya yi barci, naman jikinsa na saki, har da harshe da ganɗar baya da bangon maƙogwaro. Hanyar iska sai ta matse. Iska na wucewa da ƙyar, naman na karkarwa, shi ne minsharin da muke ji. Wannan mataki ɗaya ke nan. Mataki na biyu shi ne hanyar ta rufe gaba ɗaya: ƙirji na ƙoƙarin jan iska amma ba ta shiga. In hakan ya kai daƙiƙa 10 ko fiye, likitoci na lissafa shi a matsayin ɗaukewar numfashi guda. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan ƙiftawar ido, ya ja numfashi da gurnani, ya koma barci. Da safe ba zai tuna komai ba, sai dai ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya wuni yana gyangyaɗi.

A gwajin barci ana ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a awa guda. Daga 5 zuwa ƙasa da 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa ƙasa da 30 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Ku yi tunani, mutum ya shaƙe sau 30 kowace awa, dare bayan dare, shekara da shekaru. Shi ya sa ciwon ke tafiya da hawan jinin da ba ya jin magani, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga. Wani babban ƙiyasi da aka fitar a 2019 ya ce mutane wajen miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke da shi a duniya. Ba ciwon Turawa ba ne, mu dai ba ma gwadawa ne.

Robar na iya rage ƙarar alhali shaƙewar na nan. Ke ki samu barci, shi yana ci gaba da cutuwa, kuma alamar da za ta sa ki kai shi asibiti ta ɓace.

Ɗan Kumo:
Wato a gyara salansa a bar inji yana ƙwanƙwasa.

Baban 'Yan Biyu, Bauchi:
Anti Nas, ban yarda da ke duka ba. Kin sa abin ya zama kamar yaudara ce zalla. Ni na ji bambanci a jikina, ba ƙara kaɗai ba. Da can bayan azahar ba na iya riƙe ido a ofis.

Likitan Haƙori:
Ku duka biyun kuna da gaskiya. Alhaji, abin ba yaudara ba ne, kuma ba 'yan TikTok suka ƙirƙiro shi ba. Wani likita a Amurka, Charles Samelson, shi ya fito da dabarar, kuma shi da Rosalind Cartwright suka wallafa sakamakon gwajinta a 1982. Hikimar mai sauƙi ce: tushen harshe shi ne bangon gaba na maƙogwaro. In ka jawo bakin harshe gaba, tushen ya biyo shi, hanya ta buɗe. Ga wanda matsalarsa harshe ne ke faɗawa baya, musamman in ya kwanta rigingine, tana iya rage minshari, tana kuma iya rage yawan ɗaukewar numfashin.

Amma ba kowa ne matsalarsa ke harshe ba. Wani hancinsa ne a toshe, wani ganɗarsa ce doguwa, wani kitse ne ya kewaye wuya, wani haɓarsa ce ƙarama ta koma baya. Wani ma duk sun haɗu masa. Roba ɗaya ba za ta yi wa duk waɗannan aiki ba, duk abin da mai talla zai faɗa.

Akwai kuma wata iri da mu likitocin haƙori muka fi amfani da ita, wadda ke kama haƙoran sama da na ƙasa ta turo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan. Da yake harshe a jikin muƙamuƙin yake, sai ya biyo. Ita ake aunawa a bakin mutum a ƙera masa tasa, a riƙa ƙara turowar sannu a hankali. An kwatanta su biyun a Ostareliya a 2009: duka sun rage ɗaukewar numfashi, amma mafi yawan waɗanda aka gwada a kansu sun zaɓi ta muƙamuƙi, don ta harshen ta fi takura, kuma ta fi fita ko a cire ta cikin dare. Abin da ke kan gado ba ya cikin baki kuwa ba ya maganin komai.

Hajiya Babba, Bolari:
Likita, ranka ya daɗe, to tunda waccan ta fi, me ya sa ake maganar wannan?

Likitan Haƙori:
Hajiya, saboda waccan sai da haƙora. Tana buƙatar isassun haƙora masu ƙarfi sama da ƙasa da za ta kama, da dasashi mai lafiya. Dattijon da haƙoransa suka zube, ko mai sa haƙoran roba, ko wanda dasashinsa ke jini haƙora na girgiɗi, ko mai ciwon gaɓar muƙamuƙi, ba za a sa masa ita ba. Kuma in an daɗe ana sa ta takan ɗan sauya yadda haƙora ke haɗuwa, shi ya sa ake son mai ita ya riƙa zuwa ana dubawa. A nan ne ta harshen ke da ranarta, don ita babu ruwanta da haƙori. Ko baki fayau yake za ta zauna.

Hajiya Babba, Bolari:
Ai kuwa Alhajina haƙoran gaba ne kawai suka rage. Allah ya saka da alheri.

Mai Kemis, Jekadafari:
Likita, to wa da wa bai kamata in sayar wa ba? Nan ne ya fi shafata.

Likitan Haƙori:
Na farko duk wanda ba ya iya numfashi ta hanci sosai. Robar na cike baki, da hanci za a yi numfashin. Ka san yadda hunturun Gombe yake, ƙura da mura, hanci a toshe. Mai irin wannan in ya sa ta, ko ya tofar da ita cikin barci ko ya sha wahala. A fara gyara hancin. Sai yara, sam ba a sa musu. Sai mai farfaɗiya, da mai gyambo ko ƙuraje a harshe, da wanda zaren ƙarƙashin harshensa gajere ne har ba ya iya fito da harshen ya wuce haƙora. Sai kuma wanda aka ga numfashinsa na ɗaukewa, ko mai hawan jini da ke gyangyaɗi da rana. Wannan ba a hana shi har abada ba, amma likita zai fara gani kafin roba.

Malam Na-Pantami:
Salamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu. Mutane da dama na zuwa wurina da kukan cewa ana shaƙe su cikin dare, su farka a firgice zuciya na bugawa, su ce dannau ne ko aljanu. Muna ba su addu'o'in kwanciya, kuma wannan daidai ne. Amma yanzu da na ji bayanin Anti Nas, ashe wasunsu maƙogwaronsu ne ke rufewa. Yaya ake bambancewa?

Nas ɗin Dare:
Allah ya gafarta Malam, dannau shi ne mutum ya farka, yana ji yana gani, amma ya kasa motsa hannu ko ƙafa ko yin magana na ɗan lokaci. Ƙwaƙwalwa ce ta farka kafin jiki ya fita daga sakin da yake yi lokacin mafarki. Ya fi samun mai ƙarancin barci da mai kwanciya rigingine. Shi kuwa mai ɗaukewar numfashi zabura yake yi, yana motsi, yana haki. Hanya mafi sauƙi, a tambayi wanda suke kwana tare: yana minshari mai ƙarfi? Yana yin shiru sannan ya zabura? Yana yawan tashi fitsari da dare? In amsar e ce, Malam, ka haɗa masa addu'a da takardar asibiti.

Malam Na-Pantami:
Madalla. Kuma ga kwanciya a gefen dama da sunna ta koyar, hadisin na cikin Bukhari. Ashe akwai lafiyar jiki a ciki. Wanda zai sa robar dai ya gama azkar ɗinsa tukuna, don na ga alama ba a magana da ita a baki.

Baban 'Yan Biyu, Bauchi:
Ko sallama ba ka iya amsawa, Malam. Uwargida ta ce wannan ma wata fa'ida ce.

Jikan Wanzamai, Dukku:
Ni duk wannan dogon Turanci ban ga amfaninsa ba. Tun kaka da kakanni in mutum na fama da maƙogwaro beli ake cire masa. Minti kaɗan an gama. Yanzu an bar na gida ana sayen roba daga Sin a cusa a baki kowane dare har mutuwa. Likitocin ma ai yanka suke yi in ka je, sai dai su karɓi kuɗi mai yawa.

Nas ɗin Dare:
Yaya, da girmamawa, kada a kai mai minshari a cire masa beli. Muna karɓar waɗanda aka kawo da zubar jini da kumburin maƙogwaro bayan an yi, ga haɗarin tetanus da ciwon hanta in ƙarfen ba a tsabtace shi yadda ya kamata ba. Mutumin da dama hanyar iskarsa a matse take, ka ƙara masa kumburi a wurin?

Jikan Wanzamai, Dukku:
Wannan aikin 'yan koyo ne. Mu gadonmu ne, mun san hannu.

Likitan Haƙori:
Ba a raina gado ba, Malam. Amma ka dubi jama'ar da ke zauren nan. Da yawa daga cikinmu an cire mana beli tun muna jarirai, ranar suna ko kafin ta. Da cire beli na maganin minshari, da ƙasar Hausa ta fi ko'ina shiru da dare. Gaskiya ne likitocin kunne da hanci da maƙogwaro na yin tiyatar rage ganɗa da beli, tun wajen 1981 ake yin ta, amma sai sun duba sun tabbatar a nan toshewar take, kuma ko a hannunsu ba kowa take warkarwa ba. In tushen harshe ne ke faɗawa baya, ko an share belin tas ba abin da ya canja.

Maman Ilham, Tumfure:
Abban Ilham ba shi da beli, mahaifiyarsa ta tabbatar min. Amma ga shi nan.

Jikan Wanzamai, Dukku:
To Allah ya ba shi lafiya. Ni dai ba zan kwana da roba a baki ba.

Shugaban Zaure:
A ci gaba cikin mutunci, jama'a. Kowa ya faɗi nasa. Wanda ya turo tallar maganin ƙarfin maza a tsakiyar zancen nan, na goge, kada a sake.

Ɗan Kumo:
Bari in faɗi tawa tunda an zo nan. Tirela nake ja, siminti nake ɗauka zuwa Yola da Jalingo, wani lokacin Jos ta Alkaleri da Bauchi. Yaran mota ba sa yarda su kwana kusa da ni saboda minshari. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko na kwana awa takwas, da rana ta ɗaga ido na rufewa a kan sitiyari. Goro nake ci, in sha shayi mai kauri, in wanke fuska. Akwai ranar da na farka na ga motar ta bar hannunta, Allah ne ya kiyaye babu mai tahowa. Robar nan ta dace da ni, don ba ta son wuta, aljihu za ta shiga. Amma asibiti ina tsoro. In maigida ya ji an ce ina da ciwon barci, makullin zai karɓe.

Nas ɗin Dare:
Ƙanina, kai ne mutumin da nake jin tsoro a kansa a duk zauren nan. Bincike da dama da aka tattara sun nuna direba mai wannan ciwo da ba a yi masa magani ba, haɗarin ya yi hatsari ya ninka na sauran fiye da sau biyu. Kuma in an yi maganin yadda ya kamata haɗarin na sauka. Wato magani shi zai riƙe maka makullin, ba ɓoyewa ba. Gangaren hanyar Kaltungo da lodin siminti ba wurin gwajin roba ba ne. Ka je sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ko wurin likitan ƙirji, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) in kana Bauchi. Ka faɗa musu maganar sitiyarin nan kamar yadda ka faɗa mana. Su za su ce ko sai an tura ka gwajin barci. Kafin nan, in ido ya fara nauyi ka faka ka kwanta, goro ba ya biyan bashin barci. Kuma ka nisanci tiramol da kodin da ƙwayar sa barci irin su diyazefam. Suna ƙara sakin naman maƙogwaro, wasunsu na danne numfashin kansa. Giya ma haka, ga masu sha.

Ɗan Kumo:
Ni ba na taɓa ƙwaya, Anti. Amma na ji. In na sauke lodin nan zan shigo Gombe.

Injiniyan Sola, Federal Low-cost:
Ɗan Kumo, kada ka ji tsoro. Ni an gwada ni a Abuja aka ce nawa mai tsanani ne, aka ɗora ni a kan injin sipap. Ƙaramin inji ne mai hura iska ta tiyo zuwa wani ɗan takunkumi a hanci, iskar ce ke riƙe maƙogwaro a buɗe. Wani likita a Sidni, Colin Sullivan, ya fito da shi a 1981, kuma har yau shi ne kan gaba ga mai ciwo mai tsanani. Ranar da na fara kwana da shi na gane ashe shekaru ban yi barci ba. Matsalarsa biyu: tsada, da wuta. Ni sana'ata ce ta cece ni, na haɗa masa batir da sola. In ka kashe abin ɗumama ruwan da ke jikinsa ba ya cin wuta sosai, akwai ma masu aiki da batirin mota in an samu wayar da ta dace. Robar harshen ina da ita, amma sai in tafiya ta kama ni ƙauyen da babu wuta. Ba ta kai injin ba ko kusa, a jikina nake ji da safe, sai dai ta fi babu.

Baban 'Yan Biyu, Bauchi:
Injiniya, ba kowa ke da kuɗin Abuja da na inji ba. Talaka fa? Ya zauna yana jiran gwajin da ba zai iya biya ba, ko ya sa robar da aljihunsa zai ɗauka? Ni wannan ne ya sa nake kare ta.

Likitan Haƙori:
Tambayar Alhaji tana da nauyi, kuma ba zan ce talaka ya zauna hannu rabbana ba. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar a 2015 ma ta yarda a ba da na'urar baki ga mai minshari zalla, da kuma mai ɗaukewar numfashi da ya kasa jure sipap. Sai dai ta fi son wadda aka auna aka ƙera, kuma ta ce a sake gwaji da ita a baki a ga ko ta yi aiki. Wannan na biyun shi ne ke mana wuya a nan.

Abin da zan ce wa wanda ba shi da hali: ganin likita da awon jini ba su kai kuɗin gwajin barci ba, a fara da su. In an sa robar, kada a tsaya a kan "ƙara ta ragu". A sa wanda ake kwana tare ya lura ko shirun nan da zaburar sun daina. A duba ko gyangyaɗin rana ya tafi, ko ciwon kan safe ya daina, ko tashi fitsari ya ragu, ko awon jini na sauka. In ƙara ta tafi amma waɗannan na nan, robar ba ta yi ba, a koma asibiti.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko sisi. Wani dogon bincike a jihar Wisconsin ta Amurka da aka wallafa a 2000 ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki na tafiya da raguwar ɗaukewar numfashi da wajen kashi 26, ƙara kashi 10 kuma na ƙara shi da wajen kashi 32. Tumbin da muke kira alamar hutu, da malmala uku ta tuwo da ƙarfe goman dare, suna cikin lissafin.

Tela, Herwagana:
Likita ka taɓo mu. Ni da nake auna wuyan mutane kullum, akwai awon da za a ce ya yi yawa?

Likitan Haƙori:
Akwai, maigida. Namiji daga inci 17 zuwa sama, mace daga inci 16, ana ɗaukarsu cikin masu haɗari. Ba hukunci ba ne, alama ce da ake haɗawa da sauran. Kowane magidanci a Gombe ya san awon wuyan kaftaninsa, ko telansa ya sani.

Tela, Herwagana:
Ai kuwa littafin awona cike yake da 17 da 18. Akwai wani kwastoma da ya sa na ɗinka masa aljihu a bayan singileti, tsakanin kafaɗu, yana jefa goruba a ciki in zai kwanta. Da ya juya rigingine ta tokare shi ya koma gefe. Na ɗauka wasa yake.

Nas ɗin Dare:
Ba wasa ba ne, tsohuwar dabara ce, Turawa da ƙwallon tanis suke yi. Tana taimakon wanda nasa ke tashi in ya kwanta rigingine kawai. Wanda ko ta gefe yana shaƙewa, goruba ba za ta ishe shi ba.

Mai Kemis, Jekadafari:
Na gode ƙwarai. Katan dai na fasa, zan karɓi kaɗan masu silikon mai kyau da girma daban-daban, in riƙa yin tambayoyin nan kafin in miƙa. Na'urar awon jini dama tana kan tebur. Saura yadda ake wanke ta, don za a tambaye ni.

Baban 'Yan Biyu, Bauchi:
Kowace safiya da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sosai, a bar ta ta bushe a iska kafin a rufe a gwangwaninta. Ban da tafasasshen ruwa, yana lalata siffarta. Kada a matse kumburin da ƙarfi wajen sawa, tsotson in ya yi yawa harshe zai kwana yana zugi. A fara sa ta da yamma ana zaune na ɗan lokaci kafin a kai ga kwana da ita. Wajen cirewa a matse kumburin tukuna iska ta shiga, kada a fizge. In ta tsage ko ta fara wari a jefar. Kuma ba a aro, ko tsakanin mata da miji.

Ummu Sadik, Arawa:
Sallama. Tun farko ake maganar maza, na yi ta jin nauyin shigowa. Mata ma muna yi, kunya ce ke hana mu faɗa, kuma miji ba ya gaya maka sai ranar faɗa. Ni da ba na yi, amma tunda cikin nan ya shiga wata na bakwai maigida ya ce na fara, mai ƙarfi ma. Ƙafafuna kuma sun ɗan kumbura. Zan iya sa robar?

Hajiya Babba, Bolari:
'Yata, ba ke kaɗai ba ce. Mu da muka daina al'ada ma da yawanmu mun fara, ba mai faɗa ne kawai.

Nas ɗin Dare:
Gaskiyar Hajiya, bayan ɗaukewar al'ada mata na matsowa kusa da maza a wannan ciwo. Amma Ummu Sadik, ke taki daban ce, ki bar maganar roba. Ciki kan kumbura cikin hanci ya toshe shi, ga nauyi ya ƙaru, shi ya sa mata da yawa ke fara minshari a watannin ƙarshe, kuma robar ba ta zama da toshewar hanci. Abin da ya fi muhimmanci, sabon minshari mai ƙarfi a lokacin ciki na iya tafiya tare da hawan jinin masu ciki, ga shi kin ambaci kumburi. Gobe ki je a auna jininki a duba fitsari, kada ki jira ranar awo. Ki riƙa kwanciya ta gefe, ki ɗaga kai da filo. In kika ji ciwon kai mai tsanani, ko ido na ganin dishi-dishi, ko ciwo a saman ciki, ko fuska da hannu sun kumbura, a daren za a kai ki asibiti, ba sai gari ya waye ba. Ki gaya wa nas ɗin maganar minsharin da bakinki, don ba lallai ta tambaya ba.

Ummu Sadik, Arawa:
To Anti, in sha Allahu da sassafe zan sa ya kai ni.